Yadda ake tayar da tsohon injin Lister da ya shekara da shekaru a kwance

A Ingila akwai mutanen da ranar hutunsu a gindin tsohon inji take ƙarewa. Injunan da ake girkewa wuri ɗaya nake nufi, waɗanda a da suke jan ruwa, ko niƙa, ko yankan katako, ko ba gida wuta tun lantarki bai isa ƙauyuka ba. Wasu sai an gina musu gida saboda girma. A Kempton, yamma da Landan, akwai injin tururi mai tsayin ƙafa 62 da nauyin tan 800, wanda ya yi ta tura wa birnin ruwan sha har shekarar 1980. Yau 'yan sa kai ne suke kula da shi, suna tayar da shi a wasu ranakun ƙarshen mako jama'a su zo kallo. Gidan adana injuna na Anson da ke Poynton, da na Internal Fire a yankin Wales, da na Coolspring a jihar Pennsylvania ta Amurka, duk aikinsu ke nan: su ceto inji daga hannun masu narka ƙarfe, su gyara, su sa shi ya yi numfashi.

Cikin duk waɗannan injuna, wanda mai karatu zai fi iya yin kiciɓis da shi shi ne Lister, wanda makanikanmu suke kira Lista. Kamfanin R. A. Lister na garin Dursley, wanda aka kafa a 1867, ya sayar da injunansa ko'ina a duniya, kuma sun yi aikin niƙa da jan ruwa da ba da wuta a ƙasarmu kafin ƙananan injunan Sin masu gudu su cika kasuwa. Samfurin da zan yi magana a kansa shi ne CS, mai silinda ɗaya, mai manyan fulawil biyu, wato fayafayan ƙarfe masu nauyi da suke juyawa a gefensa, wanda aka daina ƙerawa a Dursley a 1987 bayan ya haura shekara 50 ana yin sa. Wanda aka fi sani shi ne 6/1: ƙarfin doki 6, silinda 1, yana juyi 650 a minti. Injin Sin na niƙa yana haura juyi 2,000 a minti, shi kuwa wannan a hankali yake tafiya, kuma wannan sanyin tafiyar ne ya sa ake samun wanda ya girmi mai shi amma bai gaji ba. Ni dai ganina, duk wanda ya ga irinsa a kango ya bar shi ya tafi a kilo, ya yi asarar da ba a mayarwa. Kuma galibin waɗanda suka mutu a hannun masu gyara, gaggawa ce ta kashe su.

Kafin ka taɓa sifana

Ka fara da ido. Nemi farantin tagulla da ke jikin injin, wanda aka buga lambarsa da ƙarfinsa da yawan juyinsa. Rubuta duka, ka ɗauki hoto. Wannan lamba ita za ta gaya maka shekarar da aka yi shi da irin kayan da za su shige shi. Idan farantin ya ɓata, goge bakin fulawil, sau da yawa akan sami lambar a buge a can. Ka kuma tabbatar ko na Dursley ne ko kwaikwayon Indiya, domin masana'antun garin Rajkot sun daɗe suna ƙera irinsa. Na Indiya ba abin rainawa ba ne, kayansa da yawa suna shiga na asali, sai dai an san wasunsu da ragowar yashin zubi a cikin ciki, a ɓoye ƙarƙashin fenti. In na Indiya ne a hannunka, wankin ciki ya zama dole ninki biyu.

Sannan fulawil. Ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa kowanne a hankali. Lafiyayye yana ba da amo mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji sautin ya mutu nan take. Goge kowace ƙafa tasa, wato sandunan da suka haɗa bakinsa da tsakiya, da wurin da ya kama shaf, sandar da yake juyawa da ita, ka duba da tocila. Fulawil mai tsaga ba a yi masa walda, ba a lallaba shi, canza shi ake yi. Ƙarfen zubi ne mai nauyi, in ya tarwatse yana cikin gudu, bango ma ba ya tare shi. Kowane fulawil an ɗaure shi ne da wani ƙarfe mai tsini da ake bugawa tsakaninsa da shaf, makanikai suna ce masa ki. Duba ko ya zauna daram, kuma kan sa bai tauye ba.

Duba jikin bulok, wato gidan silinda, da tof silinda, murfin da ke samanta, ko akwai tsaga. A Ingila sanyi ne yake fasa su, ruwa ya daskare a ciki ya buɗa ƙarfen. A wurinmu abin da ya fi yawa shi ne an bar inji ya yi aiki babu ruwa, sannan aka kwara masa mai sanyi yana da zafi.

Wani abu da yake ɓata wa mutane aiki tun ranar farko: notocin wannan inji ba na milimita ba ne, tsohon ma'aunin Ingila ne na Whitworth. Sifanar zamani za ta yi kamar ta kama, sai ta zame ta cinye kan notin. Nemi sifanu na asali wurin tsofaffin makanikan tirakta da na janareta. Kada ka jefar da noti ko ɗaya, ko da ya yi tsatsa, domin samun madadinsa ya fi gyara shi wuya.

Game da ɗauka, injin nan ya haura kilo 300. A yi amfani da kurar ɗaga kaya da sarƙa, a ɗaure ta jikin gangar injin. Kada a ɗaga shi ta shaf, kada kuma a kwantar da shi a kan fulawil ɗaya a bayan mota. Shaf ɗin da ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, har abada injin zai riƙa rawa.

In ya cije

Kama fulawil ka gwada juyawa. In ya motsa, alhamdu lillahi, amma kada ka yi ta juya shi a bushe. In ya ƙi, to fistin ya kame a cikin silinda, galibi saboda ruwan sama ya bi ta salansa ya sauka ta bawul ɗin hayaƙi da aka bari a buɗe.

A nan ne ake rabuwa tsakanin mai haƙuri da mai ɓarna. Kada ka zura dogon ƙarfe tsakanin ƙafafun fulawil ka hau kai. Abin da zai biyo baya shi ne karyewar ƙafar, ko lanƙwashewar kwanrod, sandar da ta haɗa fistin da shaf. Cire nozul, wato abin da yake fesa gas cikin silinda, cire tof silinda, ka kwashe tsatsa da dattin da ke saman fistin da hannu da tsumma. Zuba gas, ko gas haɗe da ɗan baƙin mai, ya rufe kan fistin, ka rufe da leda ka tafi harkarka. Kullum ka leƙa, in man ya ragu alama ce yana ratsawa, sai ka ƙara. Kwana bakwai ba yawa ba ne, wata guda ma ba yawa ba ne ga injin da ya yi shekara ashirin yana jira. Bayan haka ka buɗe ƙofar ciki, ka kwance kwanrod daga kan shaf don kada bugun ya sauka a kan metal, ƙarfe mai laushi da ke tsakanin kwanrod da shaf. Yanko guntun icce mai tauri wanda faɗinsa ya kusa cika silindar, ɗora a kan fistin, ka riƙa bugun iccen a hankali. Faɗin iccen yana da muhimmanci, saboda bugun ya sauka a gefen fistin inda yake da ƙarfi, kada ya huda tsakiya. In ya motsa ko da kaurin farce ne, tsaya, ƙara mai, ka dawo gobe.

Da fistin ya fito, duba cikin silindar da kyau. Lister na asali da yawa an shafe cikin silindarsu da kurom, abin da kamfanin ya sa wa suna Listard. In naka haka yake, kada ka bari a goge shi da dutsen gurza, kuma kada a sa masa ringi mai kurom, na ƙarfen zubi zalla ake sa masa. Kurom a kan kurom cin juna suke yi. Ringin da suka manne a raminsu, jiƙa su a kananzir ka ɓamɓaro su da siraran ƙarafa, ka kankare ramin da guntun tsohon ringi.

Wankin ciki

Wannan inji ba shi da filtar baƙin mai. An ƙera shi ne yadda datti zai kwanta a ƙasan ciki ya zauna, don haka abin da za ka tarar a can laka ce ta shekaru. Kwashe ta da hannu, wanke da kananzir da burushi, ka goge da tsumman da ba ya zubar da zare, har sai ka shafa farin ƙyalle ya fito fari. Wanke rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta. A ƙasan kwanrod akwai ɗan ƙarfe da yake tsoma kai cikin mai yana fantsama shi duk juyi. Tabbatar yana nan, a ɗaure, kuma gefensa ne yake yanka man, ba faɗinsa ba.

Kama kwanrod ka jijjiga sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan babu laifi, amma in ka ji yana ƙwas-ƙwas sama da ƙasa, metal ya cinye. Haka za ka ɗaga fulawil da hannu biyu ka ji ko shaf yana wasa a mazauninsa. Duba haƙoran giya da ƙarafan gwamna, wato na'urar daidaita gudun inji, da ke kan kamshaf, shaf ɗin da yake tura bawul, su riƙa buɗewa suna rufewa ba tare da sun maƙale ba.

Baƙin mai kuwa, masu waɗannan injuna sun fi son mai lamba ɗaya, SAE 30, a ƙasa mai zafi irin tamu har 40 ana sawa. Zuba na farko ka ɗauke shi a matsayin na wanki: bayan 'yan awoyi na aiki ka juye shi da zafinsa, ka sake sabo. Daga nan sai duk bayan kimanin awa 250.

Tof silinda da awo biyu da ba a yi da ka

Cire bawul biyun, kankare baƙin da ya daskare, ka gurza kowanne a mazauninsa da man gurza bawul har zobe mai toka-toka ya fito kewaye ba yankewa. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da su, kifa tof ɗin, zuba kananzir ta ƙofar iska da ta hayaƙi. In bai tsatso ba, sun zauna. Hanyoyin ruwa na cikin tof da bulok ma a sassoke su da waya, domin ruwan rijiya yana barin farin dutse da yake toshe su.

A gefen tof ɗin akwai wata 'yar dabara mai kama da kan famfo. Ita ce sirrin tashin wannan inji da sanyi. In ka murɗa ta ciki, tana rufe wani ƙaramin ɗaki a cikin tof, matsi ya ƙaru har iskar ta yi zafin da za ta kunna gas. In ka warware ta waje, ɗakin ya buɗe, matsi ya ragu, inji ya ja kaya mai nauyi ba tare da wahala ba. Kwance ta, ka wanke, ka tabbatar tana rufewa tsaf ta kowane ɓangare. Wasu samfura na baya, kamar 8/1, ba su da ita, toshe wurin aka yi.

Awo na farko shi ne tazarar da ke tsakanin kan fistin da tof idan fistin ya kai ƙololuwa. Ɗora guntayen dalma biyu a kan fistin, daidai saman fil ɗinsa, ɗaure tof da sabon gasket, juya fulawil fistin ya wuce sama sau ɗaya, sannan ka kwance ka auna kaurin dalmar da ta baje. Ga 6/1 ana so ya kasance inci 0.045 zuwa 0.050. Ana daidaita shi da siraran takardun da ke ƙarƙashin bulok: ka ƙara takarda tazara ta ƙaru, ka rage ta ragu. Aikin yana da cin rai, sai ka ɗaure ka kwance sau biyu ko uku, amma injin da aka tsallake masa wannan ko dai ya ƙi tashi da safe, ko ya riƙa bugu mai tsanani.

Na biyu tazarar bawul, ana aunawa inji yana da sanyi, fistin yana sama a bugun matsi. Ga 6/1, bawul ɗin iska inci 0.017, na hayaƙi 0.032. Na 8/1 daban ne, 0.008 duka biyun. Shi ya sa na ce a fara karanta farantin. Notocin tof kuma a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya a koma ɗaya ba.

Hanyar gas

Wanke tanki, canza filta, busa bututai. Famfon gas da nozul kuwa, shawarata ka kai su wurin masu gyaran injekta da suke da na'urar gwaji. Sassan cikinsu an gurza su ne su dace da juna, ƙwayar ƙura ɗaya tana ɓata su. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada ka taɓa kanga hannu a gaban nozul yana feshi. Matsin yana huda fata ya tura gas cikin tsoka, kuma abin yana kai wa ga yanke yatsa. Wanda hakan ta same shi ya wuce asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Abin da kai za ka duba da hannunka shi ne sandar da take ratsa famfon, wadda gwamna yake ja yana turawa don ƙara gas ko ragewa. Dole ta riƙa zamewa da tura ɗan yatsa kawai. Haka duk mahaɗan da suka taso daga gwamna zuwa gare ta: a wanke fenti da tsatsa, a ɗiga mai. In sandar nan ta maƙale a buɗe, injin zai yi ta ƙara gudu babu mai tsayar da shi, kuma ka riga ka san abin da fulawil yake yi in gudu ya wuce kima.

Sai fitar da iska. Buɗe gas, sassauta notin saman filta har gas ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Yi haka a bakin famfo. Sannan sassauta notin bututun da ya shiga nozul, ɗaga bawul ɗin hayaƙi, ka wana injin har gas ya riƙa tsartuwa, ka ɗaure. Ci gaba da wanawa kana kasa kunne. Duk juyi biyu za ka ji wani ɗan ƙiii, kamar kukan ƙyauren da ya rasa mai. Wannan kukan nozul ne, shaidar gas yana shiga. In ba ka ji shi ba, kada ka wahalar da kafaɗarka, akwai sauran iska.

Mazauni da ruwa

Mai silinda ɗaya yana da duka, in ba a ɗaure shi ba tafiya zai yi. Masu kai shi wurin baje koli a Ingila suna ɗora shi a kan amalanke mai ƙafafun ƙarfe da katako masu kauri. In aiki zai yi a wuri ɗaya, a zuba masa kankare mai zurfi, a dasa kusoshi, a daidaita shi da ma'aunin magina.

Sanyaya shi ba ya buƙatar famfo. Duro mai lita 200 ya isa, a ɗora shi a kan dakali. Tiyo ɗaya daga ƙasan duron zuwa ƙasan bulok, ɗaya daga tof silinda zuwa saman duron. Ruwan zafi yana hawa da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Sharuɗɗa biyu ne: tiyon sama ya riƙa hawa ba tare da ya lotsa a tsakiya ba, kuma ruwan duro ya kasance koyaushe ya rufe bakin tiyon sama. Da ya sauka ƙasa da nan, zagayen ya tsaya cak, ko da duron yana da ruwa fiye da rabi. Mutane da yawa a nan suke ƙona gasket. In da hali a yi amfani da ruwan sama da aka tara, ba ya barin dutse.

Salansa kuma a fitar da bakinta waje. Ba a tayar da inji a rufaffen ɗaki.

Ranar tayarwa

Kada ka kasance kai kaɗai, kuma kada a cika wurin da 'yan kallo. Mutum biyu sun isa. Yara su yi nisa. A cire babbar riga, da rawani, da duk abin da yake reto. 'Yar shara mai ɗamewa ko rigar aiki ita ce daidai. Kan ki da bakin shaf suna kama tufa cikin ƙiftawar ido, kuma injin ba zai ko rage gudu ba.

Cire filtar iska, ka ba abokin aikinka guntun katako mai faɗi da zai rufe bakin iskar gaba ɗaya. In gudu ya ƙwace, kai ka rufe gas, shi ya kifa katakon. Ba a toshewa da tafin hannu ko tsumma, injin zai zuƙe su.

Ta ƙofar ciki ka kwarara mai a kan metal da giya, ka cika kwarmin da ɗan ƙarfen nan yake tsomawa, ka juya injin ka ga famfon mai yana kawowa, sannan ka rufe. Kusa da sandunan tura bawul akwai noti mai rubutun OIL, buɗe ka zuba mai, shi ne yake ciyar da ƙarshen kamshaf. Ɗiga mai a gindin bawul, murɗa kofin giris na sama. Duba ruwa, duba gas.

Yanzu ka tura ɗan ƙarfen da yake riƙe bawul ɗin hayaƙi a buɗe. Murɗa dabarar matsi ciki har ta tsaya. Saki hannun da yake kashe famfon gas. Goge bakin shaf ka shafa masa mai, domin handul ya zame ya fita cikin sauƙi. Riƙe handul da babban yatsanka a gefe ɗaya da sauran yatsu, kada ka zagaye shi da shi, saboda in injin ya mayar da bugu yatsan ne yake karyewa. Yi bisimilla ka fara wanawa. Da farko nauyi, daga nan fulawil su karɓe ka. Idan gudu ya kankama kuma kana jin kukan nozul, fizge ƙarfen bawul da ɗaya hannun, ka ci gaba da wanawa da ƙarfi har ka tsallake matsi. Kada ka saki a nan. Zai yi tum, ya yi shiru, ya sake tum, sannan bugun ya jeru. Zare handul, kada ka sake shi a kan shaf yana juyawa.

Idonka a kan sandar famfo. Da gudu ya kai, za ka ga gwamna ya ja ta baya, sautin ya daidaita. In ka ga gudu yana ta hawa, kashe nan take. Samu na'urar auna juyi ka tabbatar bai wuce abin da aka rubuta a faranti ba. Ana gyarawa da notin sifirin ɗin gwamna. Kada ka ƙara masa gudu don neman ƙarfi, fulawil ɗin 650 ba na 850 ba ne.

Hayaƙi zai ba ka labari. Fari mai warin ɗanyen gas yana nufin matsi ya yi ƙasa, ko lokacin feshi bai daidaita ba. Shuɗi baƙin mai yake ci, wanda a kwanakin farko na sabon ringi ba abin tashin hankali ba ne. Baƙi kuwa kaya ya yi yawa, ko nozul yana zuba maimakon feshi, ko iska ba ta isa.

Tashin farko minti biyar ya wadatar. Kashe ta hannun famfon gas. Kada ka saba kashe shi da ƙarfen ɗaga bawul, yana lalata bawul ɗin da mazauninsa. Bayan ya tsaya cak, taɓa mazaunan shaf da bayan hannu; ɗumi babu laifi, zafin da ba ka iya jurewa matsala ce. Leƙa ciki ka ga mai ya fantsamu ko'ina. Sake duba ki na kowane fulawil. In ya huce, sake ɗaure notocin tof ka sake auna bawul.

Daga nan ka ba shi aiki. Injin gas da ake bari yana juyi haka nan ba kaya, a sanyaye, yana tara baƙi ya riƙa tofar da mai ta salansa. Shi ya sa a wuraren baje koli za ka ga an haɗa masa famfon ruwa ko janareta da jerin ƙwayayen fitila. In kayan ya yi nauyi kuma injin ya ɗumama, warware dabarar matsi waje har ƙarshe. A ƙaramin kaya bar ta a ciki. Ko dai ciki duka ko waje duka, ba a barin ta a tsakiya. Cikakken kaya ma, 6/1 ba ya shan lita biyu a awa.

Waɗanda suka fi ƙarfin handul

Manyan injuna irin na kamfanin Ruston & Hornsby na Lincoln, ko Crossley na Manchester, ko Blackstone na Stamford, duk wannan tsari na dubawa da wankewa ya shafe su, amma tayarwar daban ce. Ana zura sandar ƙarfe cikin ramukan bakin fulawil a juya shi kaɗan-kaɗan har fistin ya ɗan gota ƙololuwa, a cire sandar, a cika kofunan mai, sannan a saki iska mai matsi daga tukunya ta tura fistin. Tukunyar iskar ita kanta abar tsoro ce in ta tsufa, tsatsa daga ciki take cin ta, sai ƙwararru sun gwada ta da ruwa kafin a yarda da ita. Akwai kuma masu zafin kai, irin wanda Herbert Akroyd Stuart ya ƙirƙiro, kamfanin Hornsby na Grantham ya fara sayarwa a 1892. Su sai an gasa wani ƙoƙon ƙarfe da ke kansu da fitilar hura wuta na minti goma ko fiye, man ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya kama. Hatsarinsu shi ne a yi ta tura mai kafin ƙoƙon ya yi zafi, man ya taru, in ya kama gaba ɗaya gwamna ba shi da ta cewa. Irin waɗannan ba a koyon su daga rubutu, sai an tsaya kusa da wanda ya saba.

Fenti da ajiya

Fenti shi ne na ƙarshe, in ma za a yi. Launin Lister kore ne mai duhu, wanda ake kira Mid Brunswick. Amma in fentin asali da tambarin kamfanin suna nan ko da sun koɗe, ni na fi son a wanke a shafa mai da tsumma a bar shi, kuma masu tara injuna da yawa yanzu haka suke yi. In za ka fenta, kada fenti ya taɓa farantin tagulla, da sandar famfo, da mahaɗan gwamna, da bakin shaf.

Duk lokacin da ka kashe shi, juya fulawil da hannu har ka ji ya tokare da matsi, ka bar shi a nan; bawul biyun a rufe suke, damshi ba zai shiga silinda ba. Kifa gwangwani a bakin salansa. Cika tankin gas don kada raɓa ta taru a ciki. Da hunturu a rufe bakin iska saboda ƙura, a riƙa wanke filtar akai-akai. In zai daɗe bai yi aiki ba, juye ruwan, cire nozul ka zuba cokali biyu na baƙin mai a silinda, ka juya shi sau da yawa, ka mayar. Sannan duk wata a ɗaga bawul a wana shi juyi goma sha, a sake tsayar da shi a kan matsi.